Sunan 'Yar Fari

Concourse Village, Bronx
Watan Maris

Zuwa ga 'yata Yusra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyi, ya aikin majalisa? Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ta ƙulla gaba da matakalar sabwe, wato tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mahaifiyarki, Yaya Rafi'a, lafiyarta ƙalau, ƙanenki Kabir ma haka.

Kin ce in riƙa rubuto miki a takarda, don wayarki a hannun ma'aikatan ofishinki take wuni, kuma Hausarki ta fi zama daidai in kin riƙe biro. To ga ni, ni da rabona da wasiƙa tun ina lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Ba don ke ba ce da ban yi ba. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne, ba ciki ɗaya ba, amma bayana ne ya san nauyinki, saboda haka ko kin zama shugabar Denmark ɗin gaba ɗaya sai kin karanta wannan kwashe-kwashen rubutun nawa.

Mutanenki na talabijin sun zo ranar Asabar. Su uku ne, dogaye, sai da mai ɗaukar hoton ya sunkuya kafin ya shiga ƙofa. Sun cire takalma ba wanda ya ce musu, wannan kam na yaba. Shugabarsu ta ce fim suke shiryawa a kan matasan 'yan majalisar ƙasarku, kowa a je a ga tushensa, kuma ke da kanki kika ba su adireshi. Yaya tun safe take kan murhu. Dambun zogale, shinkafa, naman rago, kai ka ce suna ake yi. Ta sa leshin nan ruwan goro da ba ya fitowa sai da salla.

Kabir ne ya yi tafinta. Matar ta tambayi yadda mahaifinki ya zo Damagaram haƙar rijiyoyi, Yaya ta faɗa. Ta tambayi yadda ya tafi da ke ƙasarsu bayan rasuwar Hajja, kakarki da ta riƙe ki, ta faɗa daidai gwargwado. Sai ta ce, "Kina alfahari da 'yarki?" Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ban san komai ba a kan wannan. 'Yar Hajja ce." Matar ta yi murmushi ta ce to ta dubi kamara ta kira sunanki ta gaishe ki. Ina bakin kicin da faranti a hannu, na ce a raina yau za a ga abu. Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Ba na faɗi," ta tashi ta shige ɗaki ta bar su da fitilunsu.

Wallahi sai da na ji ƙwalla don daɗi. Shekarun nan duka a Amurka, ta gyara ɗakunan otel, ta binne mijinta na biyu, ta koyi shiga jirgin ƙasa mai lamba D ita kaɗai, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda ta taso da ita. Matan yanzu har "bebi" suke ce wa 'ya'yan farinsu a gaban surukai, ba ko gezau.

Baƙin dai ba su ci da yawa ba. Na zuba musu a roba suka tafi da shi. In fim ɗin ya fito ki gaya mini ko an ga hannuna.

Innarki,
Fanna

Copenhagen
Watan Afrilu

Inna Fanna,

Ina gaishe ku da kyau. Ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata lau, sanyi ya fara sakin mu, har na fito da kekena.

An nuna fim ɗin. An ga hannunku, da farantin. An kuma ga mahaifiyata ta tashi ta fita daga ɗaki don kada ta faɗi sunana, kuma duk ƙasar nan ta gani. Kabir bai yi kuskure ba ko na kalma ɗaya, abin da ta faɗa shi suka rubuta a ƙasan hoton.

Inna, kun san aikin da jam'iyya ta ba ni: ni ce mai magana a kan dokar da za ta sauƙaƙa wa baƙi kawo iyalansu. A kan wannan na shiga siyasa tun ina kansila a Aarhus, a kansa aka zaɓe ni. Sati bai zagayo ba wani ɗan majalisa na ɗaya ɓangaren ya tashi ya ce ina son haɗa iyalan duniya, ga shi nawa iyalin ma bai san da ni ba. Aka yi dariya. Wanda ya fi mini ciwo wata tsohuwa ce a shagon burodi, ta dafa kafaɗata ta ce, "Yarinya, ba laifinki ba ne."

Na shiga rediyo na yi bayani. Na ce a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane, kuma girmamawa ce, ba ƙi ba. Sai abin ya ƙara lalacewa. Masu ƙin baƙi suka ce to ga irin al'adun da nake son a shigo da su. Manyan jam'iyya sun fara maganar ko in huta da wannan aikin. Zaɓe kuma ba zai wuce ƙarshen shekara ba, kuma kujerata ba ta da ƙarfi, sai mutane sun nemi sunana a takarda sun zaɓe ni ni kaina.

Amma ba don kujera nake rubuto muku ba. Na san al'adar, ba sai an koya mini ba. Na tuna in mahaifiyata ta zo gidan Hajja da alewa, ta kira 'ya'yan kawu ɗaya bayan ɗaya da sunansu, tawa kuma ta sa a hannunku ta ce, "A ba waccan." Ina tsaye a gabanta. Na girma ina gaya wa kaina ba komai. Tun da na ga fim ɗin nan kuma, duk sanda shugaban majalisa ya kira sunana in tashi, sai in ji kamar wata ake kira, wata wadda ba wanda ya haife ta. Sai na kusa ɗaga kai in ga ko za ta tashi.

Na kira ta a waya. Na ce, "Mama, ni ce." Ta ce, "Ke, kina cin abinci kuwa?" Kullum nan muke tsayawa.

Ina roƙon ku abu ɗaya. Ku yi mata magana. Ba a kamara ba, ba a gaban kowa ba. Sau ɗaya kawai in ji yadda sunana yake a bakinta. Ina jin kunyar roƙon, amma na roƙa.

'Yarku,
Yusra

Concourse Village
Watan Mayu

Yusra,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi, tsohuwar da nake kula da ita a Queens ta ba ni wani man shafawa mai warin kifi, yana aiki. Kowa lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na farko na yi kuka, na biyu raina ya ɓaci. Shi mai bakin nan na majalisarku Allah ya shirye shi. Amma ke, Madam Depite mai kujerar majalisa, da kika iya tsayawa gaban ƙasa guda ki yi bayanin al'ada, kin kasa yi wa kanki?

Bari in gaya miki abin da ba ki tuna ba don kina ƙarama. Shekarar da kika yi ƙyanda a ɗakin Hajja, mahaifiyarki ba ta shiga ba, gaskiya ne, mutane sun cika ɗakin. Bayan zana ta tsaya, cikin rana, ba ta zauna ba. Ni ta mayar ɗan aike. "Fanna, waccan ta sha ruwa? Fanna, waccan ta buɗe ido?" Har ƙafafuna suka yi ciwo. Ranar da kika nemi koko da bakinki, ita ce ta faɗi a wurin, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Yanzu ma haka. Takan sa Kabir ya nemo mata zaman majalisarku a waya. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarenku, amma za ta zauna ta kalli tsofaffin Turawa suna surutu har a zo kanki. Da kin tashi sai ta juya fuska ga bango. Rannan Kabir ya ga ba ta kallo ya kai hannu zai kashe, ta buge masa hannu.

Duk da haka na kai saƙonki, don na ce zan kai. Na same ta tana tsince wake, na kewaya na kewaya, na faɗa. Ta dube ni ta ce, "Fanna, kin fara shan wani abu ne?" Muka yi dariya, maganar ta mutu. Ki yi haƙuri, 'yata. Abin da kike nema, da za ta iya bayarwa da ba ita ba ce.

Wani ɗan abu ya faru da ban so in ɓoye ba. Ranar Juma'a ta je 125th Street sayen busasshen kifi, sai Akosua, 'yar Gana mai sayar da zannuwa da ke zaune a benenmu, ta gan ta tsaye bakin titi da leda a hannu. Wai ta manta jirgin da za ta shiga. Akosua ta rufe teburinta ta rako ta har gida. Sau biyu kuma na tarar da tukunya tana ƙonewa. Ina ganin gajiya ce, ba ta hutawa. Na ce Kabir ya sa ido.

Ki rubuto.

Innarki,
Fanna

Concourse Village
Watan Agusta

Yusra,

Ina gaishe ki. Tun wasiƙata ta Mayu ban ga rubutunki ba. In aiki ne Allah ya taimaka, in fushi ne na karɓa. Nan zafi ake yi, yara sun buɗe famfon kashe gobara suna wanka a titi.

Kin san ɗakina yana saman na Yaya, kuma bututun dumama ɗaki ya ratsa daga nata zuwa nawa. In ta yi tari ina ji. Ranar Talata bayan la'asar ina ninke kaya, sai na ji ana kira daga cikin ƙarfen nan, a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Yusra. Yusra. Na ce kunnena ne. Aka sake. Na sauka da silifa ɗaya. Na same ta zaune bakin taga tana duban titi, ta juyo ta ce, "Fanna, har yanzu Yusra ba ta shigo ba?"

Da bakinta. Tun ranar da aka raɗa miki sunan nan ban taɓa jin sa a bakin nan ba.

Tun daga ranar kullum sai na ji. Jiya ta faɗa a ɗakin wanki, a gaban matan Gana. Akosua ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Tana ci, tana sha, tana salla, jiki ba abin da ya same shi. Sauran ba zan sa a takarda ba. Yayata ce, ba bakina ne zai fara faɗa ba. A Damagaram aka yanke miki cibiya, kin san abin da ake nufi in mace irin Yaya ta kira wannan suna. Ki zo.

Fanna

Copenhagen
Watan Satumba

Inna ta kaina,

Ina gaishe ku, ina neman gafara kan shirun da na yi. Fushi ne, ba zan ɓoye ba. Ya wuce.

A barandar majalisa na buɗe wasiƙarku. Da na kai wurin bututun nan sai na shiga bayi na kulle na yi kuka kamar yarinya, wata ma'aikaciya tana ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko a kira likita. Inna, Allah ya saka muku. Kun ce maganar ta mutu a kan tiren wake, ashe ba ta mutu ba. Ta ɗauka ta yi ta juyawa a ranta, yanzu tana koya wa bakinta. Har gaban matan Gana! Ni da na roƙi sau ɗaya.

Kun ce in zo, kuma zan zo. Sai dai a satin da wasiƙarku ta iso aka sa ranar zaɓe. Nan in an sa rana, duk ɗan takara sai ya fita da tsani shi da mutanensa a rataye hotuna a jikin fitilun titi. Daga tashar jirgi har ƙofar gidana fuskata ce da sunana, a jere. Da can in na bi ta ƙarƙashinsu sai in sunkuyar da kai. Yanzu ina karantawa ɗaya bayan ɗaya, ina gwada yadda za ta faɗa. Da safe muna tsayawa a tasha muna raba wa masu tafiya aiki kofi da burodi, hannuna duk ya tsage da sanyi, amma ban taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba.

A muhawarar talabijin mutumin nan ya sake taɓo maganar. Na dube shi na ce, "Mahaifiyata tana zaune bakin taga a Bronx tana kiran sunana. Ta yi wata da watanni kafin ta iya, don ta ajiye abin da ta gada saboda ni. Kai me ka taɓa ajiyewa saboda wani?" Ɗakin ya ɗauki tafi. Manyan jam'iyya da ke cewa in huta yanzu su ke neman in tsaya kusa da su a hoto.

Ban kira ta ba, da gangan. Ba na so in fara ji ta waya. Kada ku gaya mata na sani, kada kunya ta dawo ta daina. Da an ƙirga ƙuri'a zan hau jirgi. Na saya mata mayafin ulu ruwan toka, ku kuma takalmi mai taushi saboda gwiwa.

'Yarku mai farin ciki,
Yusra

Concourse Village
Watan Oktoba

Yusra,

Gaisuwa. Ba lafiya ba, kuma yau ba zan kewaya ba.

Na kira lambarki har na gaji. Wani saurayi ke ɗauka, ya ce kina taro, zai rubuta. Kabir ya tura saƙo, shiru. Wannan wasiƙar na ba da ita ta hannun masu kai saƙo da sauri, Allah ya sa a hannunki za ta faɗa.

Ba koya wa bakinta take ba, 'yata. Hankalinta ne ke tafiya. Mun kai ta asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin mai gudu, ƙananan jijiyoyin kai ne ke toshewa ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya ta dubi Kabir ta ce, "Malam, wa ya ba ka izinin shigowa?" Ya fita baranda ya yi kuka, ƙato da shi. Ni ma yanzu ba ta sanina. Wani lokaci ni Hajja ce, wani lokaci mai aikin otel.

Sunanki kuwa ba ya barin bakinta. Nas in ta zo, Yusra ce. Mai kawo wasiƙa Yusra ne. Jiya labule take kira. Ina sama ina jin sa a bututu tun safe har magariba, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da tsoro kamar kin ɓace a kasuwa. Na toshe wurin da tsumma, bai hana ba.

Aikin tsofaffi nake ci da shi a garin nan, na san yadda abin yake zuwa. Kafin su manta 'ya'ya, kunya ce ke fara zubewa. Na ga tsohon malamin coci yana ashar, na ga matar da ba ta taɓa fita ba kwalliya tana cire kaya gaban baƙi. Ranar da na ji sunanki a ƙarfen nan na san Yaya ta fara barin mu. Shi na ce miki, da irin bakin da aka koya mana. Na ɗauka za ki ji gabanki ya faɗi yadda nawa ya faɗi. Sai ga shi kin kai gaban taro an yi miki tafi.

Ban ce ki bar zaɓenki ba. Na san abin da kika zuba a ciki. Na dai gaya miki a fili yanzu, kada gobe ki ce ba a faɗa ba. Wadda kike son ta kira ki tana ƙarewa, kuma ban san abin da za ki tarar ba.

Fanna

Copenhagen
Watan Nuwamba

Inna Fanna,

Ina gaishe ku. Na dawo lafiya. Ku yafe mini da ban jira ku ba. Kabir ya ce aikin kwana ya riƙe ku a Queens sai ƙarshen sati, ni kuma na kasa kaiwa.

Wasiƙarku tana cikin tarin takardu a ofis, sai washegarin zaɓe na buɗe ta. Na ci, da ƙyar. Ana ta kawo furanni ina zaune da takardarku a hannu, ina tuna tafin nan da aka yi mini. A ranar na nemi jirgi.

Tun daga bakin lif ɗin hawa bene na ji ta. Inna, na ji. Na tsaya a barandar bene da akwatina, hannuna a kan ƙofa, sunana yana fitowa ta ƙarƙashinta da muryar mahaifiyata. Tana jan ƙarshensa kaɗan, ban taɓa sanin haka za ta faɗa ba. Na daɗe a tsaye. Na san ciwo ne, kun riga kun gaya mini, amma na ce ko na ciwon ne ina so. In shiga ta dube ni ta faɗa, ko da labule take nufi.

Na shiga na yi sallama. Tana bakin taga. Ta juyo ta dube ni, bakinta a buɗe da rabin sunan, sai ta rufe shi. Ta ja mayafi ta juya ga bango.

Shi ke nan. Duk kwanakin da na yi ba ta sake faɗa ba. Na zauna kusa da ita, na shafa mata mai a ƙafa, na yafa mata mayafin ulun, ba ta hana ba, amma ba ta dube ni ba, ba ta ce mini komai ba. Kabir ya ce shi bai taɓa jin gidan shiru haka ba tun watan Agusta. Nas ta samu, mai kawo wasiƙa ya samu, labule ya samu. Ni da na zo daga wata duniya, ni kaɗai aka hana.

Na yi ta tunani a jirgi. Ko ta ɗauka Baturiyar talabijin ce ta dawo, tsoro ya kama ta. Ko kuma, wannan ne ke hana ni sukuni, ba kunya ba ce tun farko. Kun ce ciwon yana zubar da kunya. To ya zubar, ga abin da ya rage a ƙasa: in ta gan ni ba ta so. Ni ce abin da ya rage mata na auren da ya watse, wataƙila fuskar mahaifina take gani.

An buɗe majalisa, an mayar mini da aikina, har da ƙari. Ana cire hotuna daga fitilun titi. Na ga wani yaro yana jan nawa a ƙasa cikin ruwan sama, ban ji komai ba. In na rufe ƙofar ofis sai in ji kiran nan na bakin lif, in na buɗe ba kowa.

Takalminku yana wurin Kabir.

Yusra

Concourse Village
Watan Disamba

'Yata Yusra,

Ina gaishe ki, ina ƙara yi miki ta'aziyya. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta. An yi mata sutura yadda ya kamata, masallacin ya cika har waje, mutanen Nijar da na Najeriya da na Gana, Akosua ma ta zo ta zauna da mu. Kada ki damu da ba ki riski jana'iza ba, ba a jira da gawa. Ranar da Kabir ya kira ki na karɓi wayar, kuka ya hana ni cewa komai.

Wasiƙarki ta iso bayan an yi addu'ar bakwai. Da na karanta sai da na zauna a matakala. Ni duk zatona kin gane, kin tafi da sanyin zuciya, shi ya sa ban bi ki da magana ba. Ashe da wannan kika hau jirgi. Kai, Yusra. Kai, 'yar nan.

Ki saurara. Na dawo daga Queens washegarin tafiyarki. Na shiga ɗakina, ban ji komai a bututu ba, na ce a raina ta cika. Na sauka da gudu, gwiwa ko ba gwiwa. Tana zaune da mayafinki a kafaɗa. Matar da ta yi makonni tana ce mini Hajja ta ɗaga kai ta ce, "Fanna, kin dawo? Waccan ta zo."

Na ce, "Wa, Yaya?"

Ta harare ni, irin hararar nan tata ta da. Ta ce, "Kin fi ni sani. Ta rame. Ba sa ba ta abinci a can."

Nas ba kowa ba ce a wurinta, shi ya sa ta samu sunan. Labule ba kowa ba ne. Ba ta san ɗan da ta haifa a garin nan ba, ba ta san ni da muka tashi ɗaki ɗaya ba. Ke kika shigo ta gane ki, ta tuna ke wace ce a wurinta, ta tuna ita wace ce, ta rufe bakinta. Bangon nan da ta juya gare shi, shi take juyawa in kin tashi magana a majalisa, na rubuta miki wannan tun watan Mayu. Likitoci da magungunansu ba su dawo mana da ita ko na minti ɗaya ba. Ke kika dawo da ita, kuma da kunyarta ta tafi, ba ta sake faɗin sunan ba har ta koma ga Allah.

Sauran abubuwan sun ci gaba da ɓace mata, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma duk abincin da aka kai mata sai ta tura rabi gefe ta ce, "A rufe wa waccan." Firij ya cika da 'yan kwanoni, Kabir bai iya zubarwa ba har yau.

An kunna dumama yanzu, bututun yana ta ƙwanƙwasa. Nakan tsinci kaina tsaye kusa da shi bayan la'asar ina saurare. Da can addu'a nake ta yi shiru, yanzu shirun ne ya dame ni.

Ranar da za ta cika, da hantsi, ina shafa mata ruwa a leɓe, ta buɗe ido ta ce, "Fanna, waccan ta sauka lafiya?" Na ce ta sauka, Yaya. Ta ce, "A ce ta ci abinci." Ba ta ƙara magana ba.

Ni ce ɗan aikenta tun kina ɗakin Hajja, kuma ban taɓa riƙe saƙo ba. Ga shi na isar. Ki tashi ki ci abinci, Yusra.

Innarki,
Fanna